Wa ke tambayar wa? Yadda maƙwabtanmu Kirista ke yi wa juna hisabi

Shekarun baya gwaggona, wadda ke sayar da shinkafa da man girki a Aboabo, nan Kumasi, ta bai wa wata mata bashin shinkafa buhu uku. Matar 'yar ƙabilar Fanti ce, Kirista, tana dafa abincin sayarwa a bakin wata tashar mota. Sun daɗe suna hulɗa, ta ɗauka ta sayar ta kawo kuɗi, ba a taɓa jin kansu ba. Sai wannan karon aka yi wata guda shiru, aka yi biyu, har aka shiga na biyar. Ta daina bi ta layin gwaggo. In an kira wayarta, ta yi ta ƙara ba a ɗauka.

Kowa a gida ya kawo tasa shawarar. Wani ya ce a kai ta ofishin 'yan sanda, wani ya ce gidan sarki, ƙanena mai zafin kai ya ce a bar shi kawai ya je ya kwaso tukwanenta. Ana cikin haka wata maƙwabciyarmu, ita ma Kirista, ta tambayi cocin da matar ke zuwa. Da aka ce mata Methodist, sai ta ce ai magana ta zo da sauƙi, a nemi shugaban ajinta. Gwaggo ta yi dariya, wai mace da jikokinta, wane aji kuma take da shi?

Ashe da gaske ne. Aka kai saƙo, bayan mako guda sai ga wani dattijo, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, kowa Ticha yake ce masa, ya zo shago shi da matar, riƙe da wani littafi mai baƙin bango. Daga baya muka ji cewa kafin su zo sai da ya same ta ita kaɗai a gidanta. Ya gaida Hajiya, ya zauna a benci, ya tambayi buhu nawa ne, yaushe aka bayar, nawa ne farashi a ranar. Matar, kanta a ƙasa, ta yi bayani: mijinta ne ya kwanta asibiti, jarin ya narke a can, kunya kuma ta hana ta zuwa ta faɗa. Ticha bai yi mata faɗa a gabanmu ba, bai kuma roƙi a yafe mata ba. Ya raba kuɗin kashi-kashi, za ta riƙa kawowa kowace Talata, washegarin ranar zaman ajinsu. Ya rubuta, su biyun suka dangwala yatsa. Kafin wata huɗu an kusa gama biya, gwaggo ta yafe ɗan abin da ya rage.

Kuɗi dai sun dawo, amma ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ga mutum, ba danginta ba, ba alƙali ba, ba ɗan sanda ba, ya shiga gidan mace ya tambaye ta ina kuɗin Hajiya, ita kuma ta ga dole ta amsa masa. Wa ya ba shi wannan iko?

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna Kirista sun kai kashi 71 cikin 100 na mutanen Ghana, mu Musulmi kusan kashi 20. Da su muke haya gida ɗaya, da su muke ciniki, su ne malaman 'ya'yanmu da nas-nas ɗin da ke karɓar haihuwar matanmu. Amma abin da akasarinmu muka sani game da cocinsu bai wuce ganguna da lasifikar da ke hana mu barci ba. Wanda kake bai wa bashi, ya kamata ka san gaban wa yake jin kunya.

Bashin gini ne ya haifi aji

Labarin ya faro ne a birnin Bristol na Ingila. John Wesley, limamin cocin Ingila wanda tafiyar Methodist ta samo asali daga wa'azinsa, ya gina wa mabiyansa ɗakin taro a can a 1739, bashi kuma ya hau kansu. A watan Fabrairun 1742 aka zauna neman mafita. Wani da ake kira Kyaftin Foy ya kawo shawarar kowane mamba ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako. Aka ce masa ai da yawansu ko kwabon ba su da shi. Ya ce to a haɗa shi da mutum 11 daga cikin mafi talauci, zai riƙa zagayawa gidajensu duk mako, wanda ya kasa bayarwa shi zai cike masa. Wasu ma suka ɗauki irin wannan nauyi. Haka aka raba jama'ar rukuni-rukuni, kimanin mutum 12 a kowanne, da shugaba guda a kansu. Shi ne suke kira kilas, wato aji, duk da ba karatun boko ake yi a ciki ba.

Masu karɓar kwabo kuwa, da suka fara shiga gidaje, sai suka riƙa dawowa da labarin da ya fi kwabo. Wane yana shan giya, wane ba ya zaman lafiya da matarsa, wance ba ta da lafiya kuma ba mai duba ta. Wesley ya gane ya samu abin da ya daɗe yana nema, hanyar sanin yadda mutanensa ke rayuwa tsakanin Lahadi da Lahadi. Ba a jima ba aka daina bin gida-gida, aka koma kowane aji ya haɗu wuri ɗaya sau ɗaya a mako, shugaba ya tambayi kowa halin da zuciyarsa da aikinsa suke ciki, a yi nasiha, a sasanta masu rigima, a karɓi abin da ya samu.

Akwai kuma tikiti. Duk bayan wata uku a kan bai wa mamba wata 'yar takarda mai sunansa, da ita yake shiga tarukan da aka keɓe wa mambobi. Wanda aka ga ya ƙi gyaruwa, ba sai an yi hayaniya ba, a hana shi sabon tikiti kawai. Wesley ya rubuta a kundinsa cewa a 1743 ya sallami mutum 64 a garin Newcastle, ya kuma jera dalilai. Mutum 17 saboda maye, uku saboda ƙarya da ta zame musu jiki, ɗaya saboda dukan matarsa, ɗaya saboda lalaci. Kaso mafi yawa, mutum 29, laifinsu sakaci ne da rashin ɗaukar addini da muhimmanci. A wannan shekarar ce kuma ya fitar da ƙa'idojin zama mamba, waɗanda duk ɗan kasuwar Kejetia zai gane inda suka dosa: an hana saye ko sayar da kayan fasa-ƙwauri, an hana cin bashin da mutum ya san da wuya ya iya biya, an hana ɗaukar kaya bashi a kan irin wannan hali, an hana riba ta haram, har yawan surutu wajen ciniki an hana. Wannan na ƙarshen, da za a ɗabbaƙa shi a kasuwanninmu, da Musulmi da Kirista ba wanda zai sha.

Shi kansa Wesley bai tsira daga tambaya ba. A 1776 jami'an haraji suka rubuto masa suna zargin yana da kayan azurfa da bai bayyana ba, ganin irin kuɗin da littattafansa ke kawowa. Ya amsa musu cewa cokulan azurfa biyu gare shi a Landan, biyu a Bristol, kuma ba shi da niyyar ƙarawa alhali mutane na kwana da yunwa kewaye da shi.

Wannan tsari ya sauka gaɓar tekunmu ranar 1 ga Janairun 1835, lokacin da Joseph Dunwell ya iso Cape Coast. Wasu matasan Fanti da suka yi makaranta a can, waɗanda tun kafin zuwansa suke haɗuwa suna karatun Baibul, su ne suka aika neman littattafai, sai aka turo musu har da malami. Dunwell bai cika wata shida ba ya rasu. Thomas Birch Freeman, wanda ya zo a 1838 kuma ya tako har Kumasi a 1839, shi ne ya faɗaɗa aikin. Turawan mishan sun yi ta mutuwa da zazzaɓi, shugabannin aji 'yan ƙasa ne suka riƙe jama'a. Cocin ya samu 'yancin gudanar da kansa a 1961, kuma har yau duk cikakken mamba yana da ajinsa, da shugabansa, da sunansa a littafi. Irin littafin da Ticha ya shigo da shi shagon gwaggo ke nan.

Abin da suke kafa hujja da shi

In ka tambayi Kirista mai karatu daga ina aka samo wannan, wurin farko da zai buɗe maka shi ne Linjilar Matiyu, sura ta 18. A ruwayarsu, Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tsara wa almajiransa matakan da za su bi in ɗan'uwa ya yi laifi. Da farko ka same shi ku biyu kaɗai. In ya ƙi ji, ka koma da mutum ɗaya ko biyu su zama shaidu. In ya ƙi jin su, sannan a kai maganar gaban jama'ar coci. In jama'ar ma ya ƙi saurara, a ɗauke shi kamar bare. Duk wanda ya lura zai ga haka Ticha ya yi: sai da ya same ta ita kaɗai kafin a zo gaban Hajiya. Hikimar tsarin ita ce magana ba ta fita fili sai an rasa yadda za a yi, kuma kowane mataki yana bar wa mai laifi ƙofar dawowa da mutuncinsa.

A sura ta 5 ta wannan Linjila akwai wani umurnin da ya shafi haƙƙin mutane kai tsaye. Wanda ya kawo hadayarsa wurin ibada, ya tuna akwai wanda ke da ƙorafi a kansa, an ce ya ajiye hadayar ya je su shirya tukuna. Sai labarin wani shugaban masu karɓar haraji a garin Yariko, a Linjilar Luka sura ta 19, wanda Baibul na Hausa ke kira Zakka, kada a rikita shi da zakkar da muke fitarwa. Da ya tuba, ya yi alƙawarin bai wa talakawa rabin dukiyarsa, duk wanda ya zalunta kuma ya mayar masa ninki huɗu. Masu wa'azinsu na yawan kawo shi don nuna cewa tuban da ba a mayar da kayan mutane ba, da sauransa. Wannan kam ba baƙon zance ba ne a kunnenmu.

Amma ni wuraren da suka fi ɗaukar hankalina su ne na kuɗin jama'a. Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 6, ya ba da labarin rigimar farko da ta tashi tsakanin mabiyan farko a birnin Ƙudus, kuma rigimar rabon abinci ce. Masu jin Girkanci suka yi kukan ana tsallake gwaurayen matansu a rabon yau da kullum. Shugabanni ba su ce a yi shiru don kada a ji kunya ba. Suka tara jama'a suka ce su zaɓi mutum bakwai amintattu a danƙa musu aikin. Sunayen duka bakwai ɗin na Girkanci ne, abin da ya sa masana da yawa ke ganin daga ɓangaren masu kukan aka ɗebo su.

Sai Bulus, wanda wasiƙunsa ke da yawa a kashi na biyu na Baibul. Ya shafe shekaru yana tara gudunmawa daga garuruwa don talakawan Ƙudus. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga mutanen Korinti, sura ta 8, ya bayyana cewa bai yarda ya riƙe kuɗin shi kaɗai ba, akwai wakilin da jama'a da kansu suka zaɓa ya yi tafiya tare da su, don kada wani ya samu abin zargi. Hujjarsa ita ce bai isa mutum ya zama mai gaskiya a gaban Allah kaɗai ba, sai mutane ma sun ga gaskiyar. A tsofaffin coci-coci da dama akwai al'adar cewa fasto ba ya ƙirga kuɗin baiko.

Yadda abin yake ranar Lahadi

A cocin Methodist ko na Presbi, da an gama zagayawa da kwanon baiko, wasu zaɓaɓɓun mutane ne ke ɗauka su shiga ɗaki su ƙirga, ba mutum ɗaya ba, su rubuta su sa hannu. A wurare da yawa ana shelanta jimillar a gaban kowa. Akwai ma wani baiko da ake kira Kofi da Ama, inda ake kiran mutane bisa ranar haihuwarsu, 'yan Litinin su fito su zuba, 'yan Talata su biyo, har a zagayo. A ƙirga na kowace rana daban, a faɗi wadda ta yi nasara, a yi tafi da shewa. Gasa ce ta tara kuɗi, ba shakka, amma tana da wani amfani: mutum ɗari uku sun ji adadin da kunnensu, da wuya ya ragu kafin ya isa banki. Daga nan rahoto na hawa daga taron shugabannin aji zuwa taron da ake yi duk wata uku na yanki, har zuwa babban taron ƙasa.

Su Presbi nasu salon ya ɗan bambanta. Mishan ɗin Basel, waɗanda suka iso Osu a 1828, sun riƙa keɓe wa sababbin Kirista unguwa tasu da ake kira Salem, a garuruwa irin su Akropong da Abokobi. In ka so, ka ce Zangon Kirista. Dattawan coci ne ke lura da zaman unguwar, wanda ya karya doka kuma a iya tashinsa. Unguwannin sun narke cikin gari yanzu, amma wata al'ada ta saura: kafin ranar cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da suke ci tare a ibada, mamba kan je ya zauna da fasto ko dattijo a yi magana. Ana gaba da wani? Akwai abin da ya tsaya a rai? Wanda ke da rigimar da ba a kashe ba a ce ya je ya gyara tukuna. Katolika kuwa nasu ikirari ne a asirce gaban fada, shi kuma an haramta masa fitar da abin da ya ji ko da za a kashe shi.

Cocin Fentikos, ɗaya daga cikin mafi yawan mabiya a ƙasar nan, ya yi suna wajen tsanani. Mamba ko dattijon da aka samu da babban laifi a kan dakatar da shi, a sanar a gaban jama'a, a sauke shi daga duk muƙami har sai an ga ya gyaru.

Bencin baya

Kada mai karatu ya ɗauka tallar coci nake yi. Su kansu Kirista sun fi kowa sanin inda tsarin ke yoyo.

A coci-coci da dama wanda aka dakatar bencin baya yake komawa, kowa ya shigo ya gan shi. To wa ya fi zama a bencin nan? Yarinyar da ta yi ciki ba aure, domin nata laifin ba ya ɓoyuwa. Wanda ya yi mata cikin sau da yawa yana can cikin 'yan kwaya yana rera waƙa. Ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗin hanya bai yi ba, shi kujerar gaba ake ba shi ranar bikin godiyar kaka, a naɗa shi shugaban taro don a samu ya zuba da yawa. Zaman aji ma, a wasu wuraren ya koma karɓar kuɗin wata da karanta sanarwa, ba mai tambayar kowa komai. A wasu wuraren kuma abin da mace ta faɗa cikin amana ranar Litinin, kafin Laraba ya zaga kasuwa.

Akwai kuma batun kati. Mamba na da katin da ake rubuta abin da ya biya, musamman ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da ya samu. Ranar da ya mutu a kan duba katin, kuma an sha jin iyalan da aka ce musu mamacinsu bai cika ƙa'ida ba, don haka ba za a yi masa cikakkiyar jana'izar coci ba sai an biya abin da ake bin sa. A nan kam ina gode wa Allah da namu tsarin. Gawar Musulmi, ko baƙo ne da ya sauka jiya a tasha, a wanke a sallata a binne, ba mai tambayar kati.

Mafi girman ɓaraka ita ce coci-cocin mutum ɗaya, waɗanda suka cika kowane lungu da gidajen rediyo. Wanda ya kafa shi ne fasto, shi ne ma'aji, matarsa ce mataimakiya, fili da sunansa aka saya. Ba aji, ba dattawa masu iya ce masa a'a. Duk wanda ya tambayi lissafi a karanto masa ayar da ke hana taɓa zaɓaɓɓen Allah, a ce yana faɗa da shafaffe. Littafi ɗaya ne da na Bulus mai neman a sa masa ido, amma kowa da shafin da yake buɗewa.

Na san kuma da an ambaci Methodist wasu masu karatu za su tuna da azumin 2021, lokacin da makarantar 'yan mata ta Wesley Girls da ke Cape Coast ta hana wata ɗaliba Musulma yin azumi. Hukumar ilimi ta ƙasa ta ba da umurni a bar ɗalibai su yi azuminsu, shugabannin cocin suka fito suka ce ba su amince da umurnin ba. Cocin da ya ƙware wajen tambayar mambobinsa, da aka zo tambayarsa daga waje, bai ji daɗi ba. Wannan ma yana cikin lissafi.

Ramin da ke tsakiyar Accra

Babu inda aka gwada wannan magana a idon duniya kamar aikin babban cocin ƙasa. Tsohon shugaban ƙasa Nana Akufo-Addo ya ce alƙawari ne ya yi wa Allah kafin ya ci zaɓen 2016. Aka rushe gine-gine a tsakiyar Accra, har da gidajen alƙalai, aka naɗa kwamitin amintattu da ya ƙunshi manyan limaman Kirista na ƙasar. An kashe kimanin dala miliyan 58 na baitulmali, abin da ake gani a wurin kuma ƙaton rami ne da harsashi. Kuɗin harajinmu na ciki, mu da su. Ban da haka, a watan Agustan 2021 Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya ba da gudunmawar sidi 50,000 don ƙarfafa zaman lafiya, kamar yadda a 2019 ya halarci cocin Katolika na Christ the King lokacin cikarsa shekara 100.

Abin lura shi ne daga cikin gidan ma an samu masu tambaya. A watan Oktoban 2023 biyu daga cikin amintattun, Nicholas Duncan-Williams da Eastwood Anaba, suka ajiye muƙami, suka ce sun nemi a kawo masu binciken kuɗi masu zaman kansu ba a yi ba. A watan Nuwamban 2024 hukumar CHRAJ, mai kare haƙƙin ɗan Adam da sauraron koken jama'a, ta ba da shawarar a yi binciken ƙwaƙwaf a kan kuɗin, bayan ƙorafin da ɗan majalisa Samuel Okudzeto Ablakwa ya shigar. Mai abinci a bakin tasha ta amsa tambayar buhu uku cikin mako guda. Tambayar dala miliyan 58 ta ɗauki shekaru.

Mu fa?

Akwai abin da ba za mu ara ba, kuma gara a faɗe shi a fili. A Musulunci zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ba a zama a zayyana wa mutane shi. Wanda Allah ya rufa wa asiri an hore shi da kada ya tona kansa, ya tuba tsakaninsa da Mahaliccinsa, ba liman ko shehi a tsakiya. Don haka zaman da kowa zai faɗi laifin da ya yi a mako ba namu ba ne.

Haƙƙin mutane kuwa wani abu ne daban, kuma a nan ba mu da uzuri. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Hadisi ingantacce ya kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka. Da ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta ce aka ba shi, Annabi ya hau mumbari ya yi tir da wannan, yana nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa ai ba mai kawo masa kyautar. Nasiha a asirce kafin a fito fili, malamanmu sun cika littattafai da ita. Ƙa'ida dai muna da ita, har ta yi yawa.

To amma a masallacin unguwarku, wa ke riƙe da mabuɗin akwatin Juma'a? Mutum nawa ke wurin in an buɗe? Yaushe rabon da a tashi bayan salla a ce ga abin da ya shigo wannan wata, ga abin da aka biya na wuta da ruwa, ga abin da ya rage? Akwai masallatan da ke yi, suna liƙa takarda a bango, Allah ya saka musu. Amma an san Zangon da aka shekara goma ana karɓar kuɗin bene na biyu, har yau ƙarafuna ne a tsaye suna tsatsa. Wanda ya tambaya a ce ba shi da kunya, yana zargin Alhaji, ko a ce ɗan wata ƙungiya ne aka turo shi. Sau tari ma Alhajin bai ci ko kwabo ba, ƙila daga aljihunsa yake cikewa. Sai dai da yake ba a rubuta ba, ba shi da abin da zai nuna, zargi kuma ya bi shi har kabari. Rigingimun da ke raba masallaci biyu, in aka tona, da yawansu ba a kan ƙabalu da sadalu suka faro ba.

Bayan kamar shekara biyu da maganar shinkafa, Ticha ya sake zuwa shagon gwaggo, wannan karon shi kaɗai. Wani yaro Musulmi mai gyaran firji ya karɓi kuɗin wata tsohuwa 'yar ajinsa zai sayo mata injin firji, wata uku ba inji ba kuɗi. Ticha ya ce ba ya son a kai yaron mutane wurin 'yan sanda. Ya tambayi Hajiya, a wajenku wa zan gani?

Gwaggo ta yi jim, sannan ta ce ya gwada liman. Muka raka shi. Liman ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya sa aka kawo ruwa, ya ce zai yi wa'azi a kan amana ranar Juma'a in Allah ya kai mu. Amma yaron bai san shi ba, bai san gidansu ba, ba shi da tabbacin ma a masallacin yake salla. Aka tambayi ladan, ya ce kamar ya taɓa ganinsa. Ticha ya yi godiya, ya maida littafinsa cikin jaka.

Da yamma gwaggo ta sa aka bincika mata ɗan wace ce. Da ta ji sunan uwar, ashe tare suke zubin adashi. Ta rufe shago tun kafin magariba, ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan da kanta.